Wutsiya Na Cizon Wutsiya: Shirin Hirar Koriya da Ya Hana Ni Barci

Ni dai ban taɓa zama ma'abocin finafinan Koriya ba. A gidanmu Auta ce mai wannan fanni. Ita ta san sunan kowane ɗan wasa, ta san wanda ya tafi aikin soja da wanda ya dawo, kuma in ta kafa wa waya ido, ko tukunya na ƙonewa sai Umma ta kira ta sau uku. Abin da na sani game da su bai wuce Jumong ba, wanda muka kalla a faifai shekarun baya, sai kuma samarin nan masu fuska sumul kamar an goge tangaran. Don haka ranar da na je gida hutun ƙarshen mako, aka ɗauke wuta bayan isha'i, na tarar da ita a kan tabarma a tsakar gida tana share hawaye da bakin mayafi, ban yi wata-wata ba na fara tsokana.

"Wa kuma ya mutu yau, saurayin ko budurwar?"

"Yaya, wannan ba fim ba ne. Zauna ka gani. Minti biyar kawai."

Na karɓi wayar ina murmushin raini. Mutum biyu ne a ɗaki, ɗan tebur a tsakaninsu, kofuna biyu a kai. Ɗaya na magana, ɗaya na saurare. Babu takobi, babu rawa, babu motar da ta wuntsila. Fassarar Turanci na gudu a ƙasan allo, ni kuma ina bin ta da ido da ƙyar. Minti biyar ɗin nan sai da ta kai mu sha biyun dare, kuma ni da bakina na ce ta ɗauko fawa-bank kada wayar ta mutu.

Sunan shirin doguwar jimla ce da Koriyanci, wadda ma'anarta ita ce labarin wannan rana, wanda wutsiya ke cizon wutsiya a cikinsa. Wato abin da mu muke cewa zance ke kawo zance: ka kama bakin wani abu, ya ja ka zuwa wani, wannan ma ya ja ka gaba. Mutanen Koriya suna da son gajarta suna, sai suka mayar da shi Kkokkomu. Gidan talabijin na SBS ne ke yin sa. An fara gwada shi a watan Yuni na 2020, aka ga ya karɓu, aka yi zango na ɗaya da na biyu, sannan daga Oktoban 2021 ya zama shirin dindindin da ake nunawa daren Alhamis. Sashen da ke shirya shi shi ne sashen shirye-shiryen bincike da al'amuran yau da kullum, waɗanda suka saba tonon tsoffin shari'u da takardu. Masu shirin sun ce tunanin ya samo asali ne daga irin hirar da ake yi bayan an tashi aiki, inda wani tsohon hannu ke ba na baya labarin abin da ya gano a wajen bincike, su kuwa su saki baki suna ji. Sai aka ce, me zai hana a ɗauko wannan zaman kamar yadda yake a kai shi gaban kyamara?

Masu ba da labarin su uku ne, kuma dukkansu sunan gidansu Jang, har ake ce musu Jang uku. Akwai Jang Do-yeon, doguwar 'yar barkwanci. Akwai Jang Sung-kyu, wanda ya fara aiki a matsayin mai gabatar da shirye-shirye a tashar JTBC. Sai Jang Hang-jun, daraktan fim, mijin marubuciyar nan Kim Eun-hee da ta rubuta Signal da Kingdom. Da daraktan ya bari a 2021, aka kawo ɗan wasa Jang Hyun-sung. Ka ji, shi ma Jang. Kowannensu yana da ɗakinsa da baƙonsa guda ɗaya tak, wanda ake kira abokin labari, yawanci mawaƙi ko ɗan wasa ko wani sananne. Labari ɗaya su ukun suke bayarwa, kuma labari ne na gaskiya, wani abu da ya auku a tarihin Koriya na kusa. Baƙon bai san abin da za a ba shi ba sai ya zauna.

Akwai wani abu da fassara ba ta iya nuna min ba sai da Auta ta ankarar da ni. Koriyanci harshe ne mai matakan girmamawa. Ƙarshen kowace jimla yana nuna matsayin wanda kake yi wa magana, ya fi namu na "ku" da "kai" nisa ƙwarai. Mai karanta labarai ko mai gabatar da shiri da harshen ladabi yake yi wa jama'a magana. A wannan shiri kuwa da harshen tsara ake ba da labarin, wanda suke kira banmal, irin na abokai da suka tashi tare. Ko baƙon ya girme wa mai ba da labarin, dokar zaman ita ce a ajiye ladabin gefe. Ka ƙaddara wani ya zaunar da kai zai ba ka labarin yaƙin basasa, maimakon ya ce "masu sauraro, a shekara kaza", sai ya dafa gwiwarka ya ce, "Kai, ka san abin da mutumin nan ya yi da ya ga haka?" To shi ke nan ka shiga hannu.

Wanda muka kalla a daren nan labarin Ji Kang-hun ne, ɗaya daga cikin na farko-farkon shirin. A ranar 8 ga Oktoba, 1988, kwana shida da rufe gasar Olamfik ta Seoul, ƙasar na cikin alfahari duniya ta zo ta gan ta, fursunoni goma sha biyu suka tsere daga motar da ke sauya musu gidan yari, har da bindigar wani gandiroba. Aka kama wasu, wasu suka riƙa shiga gidajen mutane a cikin birni suna ɓuya. Ranar 16 ga wata aka ritsa huɗu daga cikinsu a wani gida a unguwar Bukgajwa, sun yi garkuwa da mutanen gidan, 'yan sanda sun kewaye, talabijin na nunawa kai tsaye. Ji Kang-hun ya tsaya a bakin taga yana ɗaga murya. Abin da ya faɗa a ranar ya zama karin magana a Koriya har gobe: mai kuɗi ba shi da laifi, marar kuɗi shi ne mai laifi. Ya nemi a sa masa waƙar Holiday ta Bee Gees. Biyu daga cikin abokansa suka mutu da harsashin bindigar da ke hannunsu, shi kuma ya yanki wuyansa da fasasshen gilashi, 'yan sanda suka kutsa suka harbe shi, ya mutu a asibiti. Mutum ɗaya ne ya rayu a cikin huɗun.

Da a jarida na karanta wannan, da na ce ɓarawo ya gamu da ajalinsa, in juya shafi. Amma ba haka aka jero mana shi ba. Sai da aka bari muka tsorata da mutumin, sannan aka tambayi baƙon, nawa kake jin ya sata? Baƙo ya yi ta cankar manyan kuɗi. Won miliyan 5 da dubu 560 ne. Hukuncinsa shekara 7 a kurkuku, da ƙarin shekara 10 na tsarewar da wata doka ta 1980 ta ba da damar a ɗora wa masu maimaita laifi, jimla 17. A wannan shekarar dai aka yanke wa Chun Kyung-hwan, ƙanin tsohon shugaban ƙasa Chun Doo-hwan, shekara 7 kan sama da faɗi da fiye da won biliyan 7, kuma ya fito tun bai yi rabin wa'adin ba. Ana ajiye lambobin nan biyu a gaban baƙo, mai ba da labarin ya yi shiru. Ni ma na yi shiru. Sannan aka ƙara da cewa wasu daga cikin mutanen da aka yi garkuwa da su sun rubuta wa kotu takardar neman sassauci ga wanda ya rayu. A nan ne Auta ta sake jan hanci, ni kuma na yi kamar sauro nake kora. Dokar nan ta ƙarin tsarewa sai a 2005 aka soke ta.

Na daɗe ina tunanin me ya riƙe ni, tunda ba wani sabon abu ba ne a ba da tarihi a talabijin. Abin da na tsaya a kai shi ne fuskar mai sauraro. Rabin lokacin shirin kyamara a kanta take. Kana ganin lokacin da gira ta ɗaga, lokacin da hannu ya rufe baki, lokacin da mutum ya so ya yi dariya sai ya fasa. Yana katse mai magana da irin tambayar da ke bakinka: "Tsaya, ina 'yan sanda suke?" "Ita uwar fa?" Yana canka ya kuskure, kai ma ka kuskure tare da shi. Sannan akwai ambulan. Can tsakiyar labari mai bayarwa zai zaro hoto, ko yankin tsohuwar jarida, ko kwafin wasiƙa, ya tura wa baƙon a kan tebur ya ce ya duba, wani lokaci ya ce ya karanta da ƙarfi. Mutum ya fara karanta wasiƙar da wani ya rubuta wa mahaifiyarsa shekara arba'in da suka wuce, murya ta fara rawa a layi na uku. Duk ƙwarewar ɗan wasa, ana gane rawar muryar da ba a shirya ba.

Muhimmancin mai sauraro ba baƙon abu ba ne a wurin mutanen Koriya. A waƙar gargajiyarsu ta pansori, mawaƙi ɗaya ne ke rera dogon labari na sa'o'i, a gefensa mai ganga yana zaune yana jefa masa kalmomin zuga. Suna ma da magana cewa mai ganga ne na ɗaya, gwanin waƙa na biyu. Duk wanda ya taɓa ganin makaɗi ba 'yan amshi ya san abin da suke nufi. Mu ma ai gwaggo ba ta fara tatsuniya sai an amsa mata "ta zo mu ji ta", kuma in yara suka yi tsit ta san barci ya kwashe su, sai ta naɗe tabarma.

Akwai kuma wasu mutane a birnin Seoul na ƙarni na 18 da na 19 da ake kira jeongisu, sana'arsu karanta wa jama'a littattafan labari a bakin kasuwa da gindin gada. Dabararsu ita ce, in labari ya kai inda numfashi ke tsayawa, an ɗaga takobi ke nan, sai su ja baki su yi gum. Ba za su ci gaba ba sai an jefo kuɗi. Littafin tarihin fadar Sarki Jeongjo ya kawo, a shekarar 1790, labarin wani mai sauraro a shagon taba a titin Jongno wanda ya ji an kai inda aka zalunci jarumin labari, idonsa ya rufe, ya ɗauki wuƙar yankan taba ya daɓa wa mai karatun. Allah ya kiyaye, amma ka ga iyakar inda labari ke kai mutum. Akun Magana Jari Ce ma da wannan makamin ya riƙe ɗan sarki a gida dare bayan dare. Kkokkomu jikan jeongisu ne, sai dai shi talla yake sakawa a inda kakansa ke jiran kwabo.

To me ya sa sai mutum uku? Da farko na ɗauka ɓarnar kuɗi ce. Daga baya na gane aikin masu yanka hoto ne ke cin moriyar abin. Jang na farko zai fara jimla, na biyu ya ɗora, na uku ya ƙarasa, kamar ana miƙa ƙwarya daga hannu zuwa hannu. Murya ba ta gundurar ka don ba ta daɗewa. Tambaya ɗaya za a yi, ka ji amsa uku daga mutum uku da shekarunsu suka bambanta: wanda yake saurayi lokacin da abin ya faru ya ce ya tuna inda yake tsaye a ranar, yarinyar da aka haifa bayan shekara goma ta ce ita ba ta taɓa ji ba. 'Yar barkwancin takan sassauta wuri da raha kafin a shiga mai zafi, ɗan wasan kuma yakan sauya murya ya zama mutumin da ake magana a kansa. A tsakani ana sako tsoffin hotunan labarai da muryoyin waɗanda abin ya faru a kan idonsu, ko 'ya'yansu.

Labaran kuwa ba sa ƙarewa, don Koriya ta Kudu ƙasa ce da ta haɗiye tarihin shekara ɗari biyu a cikin hamsin. Mulkin mallakar Japan har 1945, yaƙi daga 1950 zuwa 1953, mulkin janar-janar daga 1961 har zanga-zangar 1987 ta tilasta zaɓe, ga gine-gine da masana'antu suna tashi kamar ana kora su. Gaggawa irin wannan ba ta rasa waɗanda aka tattake a hanya. Na kalli na katafaren kantin Sampoong, wanda ya rufta da yammacin 29 ga Yuni, 1995, cikin kamar daƙiƙa ashirin, ya kashe mutum 502. An ƙara wa ginin hawa na biyar da ba ya cikin tsarin farko, an rage kaurin ginshiƙai, an ja manyan na'urorin sanyaya wuri a kan rufin har ya tsage. Tun da safe aka ga tsaga a hawan sama, shugabannin kantin suka yi taro, suka bar ƙofa a buɗe don kada cinikin yini ya tafi. Wata 'yar shago sai bayan kwana 17 aka zaro ta da rai. Duk wannan yana cikin littattafai. Abin da shirin ke yi shi ne ya fara da mutum ɗaya, da safiyarsa, da abin da ya ce wa na gida kafin ya fita, ta yadda in agogo ya doshi ƙarfe shida kai ka riga ka san wanda ke hawa na nawa.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Gidan 'Yan'uwa da ke Busan, wanda da shi aka buɗe shirin dindindin a 2021. Sunan kamar na gidan marayu. Daga 1975 zuwa 1987, da sunan share tituna daga mabarata da marasa galihu, aka riƙa kwasar mutane ana kai su can, har da yaran da aka tsinta a tashar jirgin ƙasa suna jiran iyayensu. Aikin ƙarfi, duka, yunwa. Wani matashin mai gabatar da ƙara ne ya ci karo da wasu daga cikinsu ana sa su aiki a daji lokacin da ya fita farauta, ya bi diddigi. Mai gidan shekara biyu da rabi kawai ya yi a kurkuku. A 2022 hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta tabbatar da mutuwar mutum 657 a wurin, ta kuma ce da hannun hukuma a ciki. Yawancin matasan da ke kallon guntayen shirin a YouTube ba a haife su ba lokacin. Iyayensu kuma ba lallai su ba su labari ba, don akwai abin da wanda ya gani da idonsa ba ya son maimaitawa a gaban 'ya'yansa.

Ba zan ce komai na shirin ya yi min ba. Kiɗan da suke sakawa a ƙarƙashin magana wani lokaci ya yi yawa, kamar ana matsa maka ido a ce sai ka yi kuka. Akwai baƙin da kana gani ka san sabon fim ko sabon faifai ya kawo su, mamakinsu ma na haya ne. Kuma dabarar nan ta shiga cikin ran mutum ɗaya takobi ce mai kaifi biyu. In aka ba ka yarintar mai laifi, da yunwarsa, da wulaƙancin da ya sha, kafin ka farga ka fara tausaya masa fiye da matar da ya tsare a ɗakinta da bindiga. A labarin Ji Kang-hun na kama kaina ina yin haka, sai da na tuna cewa a gidan nan akwai yara, kuma ba su suka yanke masa shekara 17 ba. Sannan tarihi ba kullum yake da wutsiyar da ke cizon wata ba. Wani abin haka kawai yake faruwa, ba dalili, ba darasi. Mai son labari ya yi daɗi kuwa yakan so ya ɗaure kowane zare. Idan sun zo ƙarshe sukan tambayi baƙo, kai da ka ji labarin wannan rana, yau me kake tunani? Wasu amsoshin suna da nauyi, wasu kuwa irin maganar da ake yi ne don kyamara na kallo.

Duk da haka na koma, kuma na sake komawa. Na ma gwada abin da kaina. Wata rana da hantsi na zauna kusa da Umma tana tsince shinkafa, na ce bari in ba ta labarin wani kanti a Koriya. Na fara da cewa mutum 502 ne suka mutu. Ta ce, "Innalillahi, Allah ya kyauta," ta ci gaba da tsintarta. Labari ya mutu a nan. Auta da ke wanke-wanke ta ɗago ta ce, "Yaya, ai ka zubar da miyar tun kafin a tuƙa tuwon. Ba haka ake yi ba." Ta goge hannu ta zo ta tsuguna, ta ce, "Umma, ke da za ki je aiki da safe ki ga bango ya tsage, mai gida ya ce ba komai, za ki shiga ko za ki koma?" Umma ta ajiye faranti. Ta ce ya danganta, albashin nawa ne, kuma akwai yara a gida? Suka yi kusan rabin awa a kai, shinkafa na jira.

Daren da zan koma, muka zauna kallon na Shin Chang-won, fursunan da ya tsere daga gidan yarin Busan a 1997 ya yi kwana 907 'yan sanda na nemansa. An kai inda mai gyaran gas ya shiga wani gida a Suncheon ya ɗaga ido ya dubi mai gidan, sai hoto ya tsaya cak, ɗan da'irar nan ta fara juyawa a tsakiyar allo. Na girgiza wayar, na ɗaga ta sama. Auta ta karɓe abinta ta kife a cinya, ta naɗe hannu.

"Data ta ƙare, Yaya."

"To ya aka yi? Ya gane shi?"

Ta dube ni ta yi gum. Na laluba aljihu na ciro wayata, na tambaye ta ta nawa zan saka.